Tatsuniyar da Na Rufe a Tsakiyar Kara

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa a zaurensa cewa labarin abin da bai faru ba ba zai taɓa kai mai shi ko bakin gari ba, balle ya yi masa suna a duniya. Sarkin Fawan Paraku na wancan zamani kuwa ya faɗa a gabana, ba a bayan idona ba, cewa ba a taɓa yin namijin da aka yi wa dariya a tsakiyar kara ya sake ɗaga kai cikin mutane ba. Dukansu dattawa ne masu hankali, kuma sun rasu suna kan maganarsu. Ni da Allah ya ja wa kwana, na ga labarin abin da bai faru ba ya ƙetare teku, ya shiga harsunan da ban san yawansu ba. Batun ɗaga kai kuwa ku ne shaidu, domin ba ku taɓa ganina a sunkuye ba sai a salla.

Na san kun taso kuna jin ana kirana Idi Ƙurunƙus. Na san 'yar'uwarku Rabi ta taɓa dawowa daga lakwal, wato makaranta, tana kuka saboda sunan nan, uwarku ta ce mata ta yi shiru kada in ji. Na ji. Ban yi muku bayani a lokacin ba domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Yanzu wanda nake rufa wa asiri ya wuce inda za a cuce shi, saboda haka ga yadda abin ya faru.

Gidanmu gidan fatoma ne. Tun kakanmu da ya zo daga arewa da fataken goro ya zauna a Paraku, Fulanin da ke kawo shanu kara a gidanmu suke sauka. Mu ba su masauki da abinci, mu tsaya musu wajen ciniki. Babu takarda tsakanin kowa da kowa. Baba zai kama hannun mahauci ya sa cikin na Bafulatani, ya ce ya shaida, magana ta ƙare. Gidan ba shi da gona mai girma, ba shi da kanti. Bakin Baba shi ne dukiyarsa. Ni ne babban ɗansa. Ya sa ni lakwal ne domin gida ya sami mai jin maganar hukuma, amma kowa ya san in ƙarfinsa ya ja baya ni zan zauna a zauren. Ranar kasuwa, in na tashi daga biro, wato ofis, nakan tafi rumfarsa in zauna a damansa, ƙanena Sani yana hagu.

Aikina tafinta ne a biron kumandan, jami'in da ke mulkin gari. Ina jin Faransanci irin na da, wanda ake koya da bulala, ga Hausa ta gida, ga Dandanci da Barganci na gari, ga Fulatanci da na sha a bakin baƙin Baba. In hukuma tana da sanarwa ga makiyaya, ko ta allurar shanu ko ta ranar taro, ni nake zuwa kara cikin kakina, in hau wani ɗan tudu da ke gindin tsamiya daura da rumfar Baba, in faɗa. An koya mana cewa tafinta ba ya magana a zaune, kuma ba ya cika jawabi da "in ji wane". Yana faɗin magana kamar tasa ce. Shekara da shekaru mutanen kara ba su taɓa ganina a tsaye a kan tudun nan ba sai da maganar gwamnati a bakina.

A shekarar da a ƙarshenta aka sauya wa ƙasar nan suna, gwamnati ta kawo wata ƙungiyar Sinawa su haƙa rijiyoyin inji wajen Turu, inda garkuna ke yada zango kafin su shiga kara. Tare suke tafiya, tare suke ci, ba sa shiga gidan kowa. Suna da shugaba, mutum mai ƙarancin magana, wanda ko ruwa ɗayansu zai sha sai ya fara duban fuskarsa. Tafintansu wani siririn saurayi ne mai tabarau masu kauri. Mahauta suka sa masa Mai Tabarau, kuma da wannan suna zan kira shi a nan. Shugaban ya yi Sinanci, Mai Tabarau ya juya da Faransanci, ni in juya wa leburori. Amma da zarar inji ya kama haƙa, babu sauran abin fassarawa, ƙara ce kawai har la'asar. Sai mu biyu mu koma inuwar kamiyo, babbar motar kayan aiki. Aikinmu ɗaya, zaman jiranmu ɗaya.

A can na san cewa ilimin taurari ya fara karantawa kafin a rufe manyan makarantun ƙasarsu, aka tura shi ƙauye noma, daga baya aka zaɓe shi koyon Faransanci. Ba ya gajiya da kallon Fulani. Wata rana ya ga wani tsoho yana yi wa saniya magana a bakin mashaya.

"Kamarad Idrisu, me yake ce mata?"

"Sunanta yake kira."

"Kowace tana da suna?"

"Da ita, da uwarta, da kakarta. In ka tambaye shi zai jero maka su har ya kai ga wadda kakansa ya gada."

Ya cire tabaransa ya goge da gefen riga, ya daɗe bai mayar ba. Sannan ya ce, "To su tarihinsu da ƙafafunsa yake tafiya."

Bayan 'yan kwanaki ya fara ba ni wani labari, kaɗan-kaɗan, kullum yana ɗorawa daga inda ya tsaya. Wai wani zamani zai zo, bayan jikokin jikoki, da ruwan sama zai ɗauke daga duniya baki ɗaya. Mutane suka ƙera jirgi mai girman gari, suka nufi wani tauraro mai nisan da wanda ya tashi ba shi zai sauka ba, sai zuriyarsa ta can gaba. Masana suka loda iri da injuna da littattafai. Hukuma kuma ta tattara garkunan makiyaya duka ta zuba su a ƙasan jirgin, ba don ana ganin darajarsu ba, sai don nono da taki. Da tafiya ta yi tsawo, mutanen saman jirgi suka manta inda suka fito da inda za su, har suka fara koya wa 'ya'yansu cewa babu wata ƙasa, jirgin nan shi ne duniya. Makiyaya ne kaɗai ba su manta ba, domin kullum suna kiran saniya da sunan uwarta da na kakarta, har su kai ga ta farko, wadda ta sha ruwa a rafi, ta taka ciyawa. Da sunayen shanu aka gane tsawon tafiyar, aka san lokacin sauka ya gabato.

Ban taɓa jin irinsa ba. Labaran da na sani duka baya suke kallo, wannan kuwa gaba ya sa. Na tambaye shi dalilin da bai rubuta shi ba. Ya waiwaya ya dubi inda shugabansu yake, sannan ya rage murya.

"Malamina ya rubuta labarin wasu mutane da suka tafi wata duniya. Aka ce yana nufin tamu ba ta ishe shi ba. Yanzu aladu yake kiwo a wani ƙauye, hannunsa na dama ba ya rufuwa. Ni a cikin kai nake rubutu, Kamarad. Kai ne na farko da na karanta wa."

Ranar kasuwar da ta biyo bayan Mauludi ana zafi ƙwarai. Na iso rumfa Baba ya tafi raba wata gardama a ƙarshen kara. Arɗo Sambo yana zaune, shi ne mafi daɗewa cikin baƙinmu, tun ina goye yake sauka gidanmu.

"Ɗan Alhaji," ya ce, "kai da ɗan Sin ɗin nan me kuke ta ƙullawa a gindin mota? Kullum na waiwaya hannunsa yana kan shanunmu."

Na ce masa wani labari ne, kuma su ne a cikinsa. Ban ambaci mai shi ba. Ya ce to a ba su su ji. A zaune na fara. Mutane suka taru, na baya suka ce ba sa ji, sai na miƙe. Da na miƙe kuwa ƙafafuna suka tafi inda suka saba, na sami kaina a kan tudu, cikin kaki, ina jero magana da Fulatanci ina maimaitawa da Hausa. Ba na jin na taɓa yin fassara mai kyau irin ta ranar nan. Kara ta yi tsit, har mahauta suka bar wasa wuƙa. Da na kai inda Mai Tabarau ya tsaya mini, na sauko. Arɗo ya yi mini tambaya biyu kawai.

"Garkunan duka za a loda?"

"Duka, Arɗo."

"Hukuma ce za ta loda?"

"Hukuma."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki sandarsa. Ni kuwa na koma gida ina jin daɗin cewa tsoho ya bi labarin sosai.

Ku tuna da zamanin. Lokaci ne da kusan kowane mako rediyo ke sanar da cewa kamfani kaza ya zama na jama'a, ma'aikata kaza ta koma hannun gwamnati. Mutumin da dukiyarsa ke tafiya da ƙafa ba ya jiran a faɗa masa magana sau biyu. Kafin kasuwa ta zagayo, garkunan Turu sun tashi sun nufi gabas, wajen iyaka. Labarin ya riga su isa kowace ruga, kuma ya sauya kama a hanya: wai Sinawa suna haƙa rijiya ne don shanu su taru wuri guda, a loda su a kai ƙasar Sin, kuma tafintan kumandan da kansa ya hau tudu ya faɗa. Kara ta zama fili. Mahauta suka rataye wuƙaƙe. Baƙin da iyayensu suka sauka gidanmu suka naɗe tabarma suka fita ba sallama, abin da bai taɓa faruwa ba.

A tsakar gida kowa da abin da yake faɗa. Inna tana ta cewa baki ne aka yi mini. Matar Sani tana daka, tana ce wa turmi wasu sun yi lakwal sun dawo da abin da ya fi ƙarfin gida. Goggo Delu ce kaɗai, yayar Baba, wadda ta rene mu da tatsuniya, ta kira ni ta zaunar kamar mai binciken ɗan koyo.

"Da me ka buɗe?"

"Na'am, Goggo?"

"Tatsuniyar. Ka ce ga ta nan ga ta nanku?"

"Haba Goggo, ni da kaki, a tsakiyar kara?"

"To da me ka rufe?"

"Ban rufe da komai ba."

"Ka ji. Abin nan ana buɗe shi, ana rufe shi, shi ya sa ba ya bin yara waje. Kai ka kwance shi da rana tsaka, ba igiya, ka juya ka tafi cin tuwo. Ga shi can ya kori shanun mutane."

Bayan la'asar Baba ya kira ni zaure, Sani yana nan. Bai ɗaga murya ba, dama ba halinsa ba ne.

"Wa ya faɗa maka?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Na san ka tun kana cikin tsumma, Idi. Kana da baki, amma ba ka da irin wannan kai. Gobe kumandan zai tambaye ka. Ka ce baƙon nan ne ya faɗa, kai fassara ka yi, aikinka ke nan. In baƙo ya yi shirme, a yi masa dariya, ya koma ƙasarsu. In ɗan gida ya yi, gidan ne ya yi."

Maganarsa daidai take ta kowace fuska da ya sani. Abin da bai sani ba shi ne hannun malamin nan da ba ya rufuwa. Ban kuma iya gaya masa ba, domin Baba mutum ne da in aka tambaye shi abin da ya sani sai ya faɗa, ko da a kan ɗansa ne. Ba a ba irinsa ajiyar da sai da ƙarya take tsaruwa.

Washegari da hantsi aka kira ni biro. Kumandan matashin soja ne, bai daɗe da zuwa arewa ba. Shugaban Sinawa yana zaune a gefensa, Mai Tabarau yana tsaye a bayan shugabansa. Wurina na kullum, bayan kujerar kumandan, babu kowa. Ni ina gaban tebur inda masu laifi ke tsayawa. Kumandan ya ce wannan zagon ƙasa ne ga juyin juya hali da zumuncin ƙasashe biyu, kuma yana son sanin tushensa. Sai shugaban Sinawa ya yi magana a hankali, Mai Tabarau ya juya da Faransanci, muryarsa a miƙe kamar mai karanta lambar bututu.

"Shugaba yana tambaya, ko akwai wani daga cikin mutanenmu da ya taɓa yin irin wannan magana da kai."

Da bakinsa ya yi tambayar da za ta hallaka shi, bai tauye ko kalma ba. Gumi yana gangarowa ta ƙarƙashin tabaransa, hannuwansa suna baya, bai share ba. Na tattaro Faransancina mafi tsabta na ce:

"Babu. Ni na ƙirƙira shi don in ɗebe wa baƙin mahaifina kewa. Abin da ke tsakanina da wannan kamarad bututu ne da siminti."

Ya juya wa shugabansa da Sinanci. Ba na jin harshen, amma na auna tsawon maganarsa da tawa, bai ƙara ba, bai rage ba. Tafinta ne na ƙwarai. Wannan ita ce ƙarya guda da na yi a cikin lamarin duka, kuma ba a kanta aka kira ni maƙaryaci ba.

Saboda girman Baba ba a rufe ni ba. Kumandan ya yanke cewa in hau tudun da na ɓata in gyara, sannan a sauya mini wurin aiki zuwa garin Jugu. Da na dawo gida na faɗa wa Baba abin da na faɗa a biro.

"To ɗayan biyu ne," ya ce. "Ko ka yi wa Fulani ƙarya a kara, ko kana yi mini a zaurena. Ko wanne ne, hannunka ba zai shiga cinikin gidan nan ba. Sani, dawo nan."

Sani ya tashi daga hagu ya koma dama, kansa a ƙasa. Ba a sake maganar ba.

Aka aika rugage cewa a zo a ji sanarwa. Ranar kasuwa Fulani suka zo, amma da sanduna kawai, ba a koro ko maraƙi ba. Kumandan yana tsaye da jandarma, Sinawa sun jeru a gefe, mahauta sun cika gaba. Na hau tudu na ce hukuma ba za ta taɓa saniyar kowa ba, rijiya ta sha ce, kuma abin da na faɗa rannan tatsuniya ce kawai. Babu wanda ya motsa. Na ga a fuskokinsu cewa sun ɗauka gwamnati ce ta ga asirinta ya tonu take lallashi. Arɗo Sambo ya dogara da sandarsa ya ce:

"Tatsuniya a tsaye, Ɗan Alhaji? Da kaki? Mu dai ba mu ji an buɗe ba."

"Mantuwa na yi, Arɗo."

"To in tatsuniya ce, rufe ta mu ji."

Na san abin da yake nema, shi ma ya san abin da yake nema. Babu ma'aikacin hukumar da zai yi abin nan a gaban mahauta in maganar gaskiya yake ɓoyewa. Na dubi rumfar Baba, yana zaune yana kallon tafin hannunsa. Na gyara wuyan kakina, na buɗe murya irin wadda nake sanar da allurar shanu, na ce:

"Ƙurunƙus kan kusu!"

Sai kara ta fashe da dariya. Mahauta suna faɗuwa a kan juna. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Goggo Idi, a ƙaro mana wata!" Wani ya ce a kawo mini zane da ɗankwali. Kumandan yana ta tambayar jandarma me na ce, jandarma ya kasa magana don dariya. Arɗo Sambo bai yi dariya ba. Ya juya ya ce da 'ya'yansa su je su koro shanu. Kasuwar da ta biyo baya kara ta cika, baƙin Baba suka dawo da tabarminsu, Sani ne ya haɗa hannuwa.

Ranar da zan bar aikin rijiya, Mai Tabarau ya same ni a bayan kamiyo ina tattara kayana. Shugabansu yana inda zai hango mu, saboda haka ya riƙe wani guntun bututu yana nuna mini kamar a kansa muke magana.

"Kalmar nan da ka faɗa a kan tudu, mene ne ma'anarta?"

"Ba ta da ma'ana. Makulli ce. Da ita ake rufe labari don kada ya fita ya cuci wani."

Ya sa na maimaita masa har bakinsa ya iya. Sannan ya ce, "Ban gaya maka yadda suka sauka ba."

"Riƙe abinka," na ce. "Ni na rufe nawa."

Bai yi godiya ba, ban kuma jira ba. Ban sake ganinsa ba, wasiƙa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Sunan ya riga ni isa Jugu, domin hanyar shanu ta fi mota sauri. A can na yi sauran aikina, ina bin ma'aikatan allura da na gona zuwa Kolokonde da Bariyenu, ina tsayawa a gindin itatuwan wasu mutane ina faɗin maganar hukuma. In na gama, sau da yawa wani shaƙiyyi zai kira ni daga baya da lakabin girmamawa na Faransanci, "Mushe, ba ka rufe ba." Na koyi in wuce. A can na auri uwarku, a can aka haife ku. Sani ya riƙe zaure da kyau, ban taɓa jin an ce ya ci amanar baƙo ba, kuma ina son 'ya'yansa su karanta wannan. Ina zuwa Paraku kowace salla, Baba yana karɓata da fuska, ba ya tayar da zancen. Sai a ciwonsa na ajali, da na shiga gaishe shi da rana aka bar mu mu biyu, ya ce:

"Har yanzu kai ne ka ƙirƙira?"

A lokacin ban san ko abokina yana gida ko yana kiwon aladu ba, kuma akwai mutanen ƙasarsu da ke aiki a ƙasar nan.

"Ni ne, Baba."

"To," ya ce. Ya juya fuskarsa bango.

Wannan shi ne abin da na biya. Rasa zauren bai kai wannan ciwo ba.

Na daɗe da ajiye aiki lokacin da Rabi, tana koyarwa a Kwatano, ta zo hutu da wani littafi mai kauri na Faransanci. Ta ce ɗalibanta duka shi suke karantawa, wani Basine ne ya rubuta, an ba shi babbar lambar yabo a Turai, ta san ina son karatu. A bayan littafin akwai hoton wani tsoho mai furfura da tabarau masu kauri. Na gane yadda yake karkatar da kai in yana sauraro. A ƙarƙashin hoton an taƙaita rayuwarsa. Ya yi shekaru yana fassara takardun injuna a wata masana'anta. Da aka sassauta, ya fara buga gajerun labarai a mujallun matasa. Aka sake cewa irin rubutun nan yana ɓata tunanin yara, ya yi shiru na tsawon lokaci, yana koyar da Faransanci. Sai da ya tsufa littafin jirgin ya fito cikakke, mutanen ƙasarsu suka karɓe shi, sannan aka yi ta juya shi daga harshe zuwa harshe, har masanan taurarin da bai samu ya zama ɗayansu ba suna gayyatarsa ya yi musu jawabi.

Na karanta shi a gindin mangwaron tsakar gida. Ya faɗaɗa labarin ƙwarai, ya sa yaƙi da soyayya da lissafin da ya fi ƙarfina. Makiyayan suna nan a ƙasan jirgi suna kiran shanu da sunan iyayensu. Na nemi Paraku ban gani ba, na nemi wani tafinta ban gani ba, kuma ba zan ce ban ji komai a raina ba. A babin ƙarshe na sami saukar da bai gaya mini ba: an buɗe ƙofar jirgi, masana suna gardamar wanda zai fara taka ƙasa, sai wata tsohuwar saniya ta ture su ta fita, domin ta ji ƙanshin ruwa. Bayan wannan, a layi na ƙarshe, akwai kalma guda ita kaɗai, an rubuta ta da baƙaƙen Turawa yadda kunnen baƙo ya ji ta. Mai fassara ya sa bayani a ƙasa cewa kalmar ba Sinanci ba ce, marubucin ya ƙi faɗin ma'anarta, ya kuma sharɗanta a bar ta yadda take a kowane harshe. Na kira Rabi na ce ta karanta da ƙarfi. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta zauna a ƙasa ta dube ni. Sunan da ya sa ta kuka a lakwal ne.

Na hau mota zuwa Paraku da littafin. Na sami Sani a zaure, ya tsufa ya fi ni rankwafawa. Na ba shi labarin daga farko, na fassara masa babin ƙarshe, a tsaye. Da na gama ya yi dariya har yana tari.

"Wato Yaya, duk shekarun nan, ƙaryar ma ta aro ce?"

Sai dariyar ta ƙare. Ya ce, "Baba ya sani."

"Ya sani," na ce.

"Ya bar mini magana. Ya ce duk ranar da ka faɗi mai labarin, in tashi in ba ka wurinka." Ya dafa ƙasa zai miƙe.

"Zauna, Sani," na ce. "Baƙin nan hannunka suka sani. Ni kuma na saba da tsayuwa."

Rabi ta ce a rubuta wa marubucin, ta san hanyar da za a bi. Na hana. Ya faɗi abin da zai faɗa, na kuma ji. Gyara ɗaya kawai nake so, kuma ku nake bar wa shi. A farkon littafin an jera harsunan da aka juya shi, an ce ya fara fitowa da Sinanci, sannan Turawa suka fara fassara shi. Wannan ba daidai ba ne. Kafin ya hau takarda, an juya labarin nan da Hausa da Fulatanci a karar Paraku, a gindin tsamiya, kuma waɗanda suka fara jinsa sun gaskata shi fiye da duk masu ba da lambar yabo, domin su har garkunansu suka kora. Wanda ya juya shi Idrisu ne ɗan Alhaji Garba fatoma, tafintan kumandan. A rubuta ranar: Talata ce, ta farko bayan Mauludi, a shekarar da Dahomey ta zama Benin, tsakanin azahar da la'asar.